Daga Yamai zuwa tabkin Ifni da jaka a baya: amsa ga mai hutun kwana goma

Tambayar da ta zo mini ita ce: “Yaya, ni ɗan Tawa ne, ina aiki a Yamai. Na tara ɗan kuɗi, kuma ina da hutun kwana goma. Na ga hotunan wani tabki a cikin duwatsun Maroko, Ifni, kusa da dutsen Toubkal. Ina so in je da jaka a baya, in yi ta tafiya da ƙafa, ina kwana a gidajen baƙi masu arha. Ban taɓa hawan dutsen da ya wuce namu na Adar ba, sanyin da na sani kuma na hunturu ne. Zai yiwu? Sanyi ba zai kashe ni ba?”

Ƙanena, zai yiwu. Sanyin da kake tsoro ma shi ne mafi sauƙin magani cikin abubuwan da ke jiranka, rigar kirki da bargo sun gama da shi. Abin da ke kayar da mutanenmu a can tsayin wurin ne, sai kuma gaggawar mai ɗan hutu da ke son ya ga kome cikin kwana biyu. A nan zan fi daɗewa, domin na zauna Marrakesh lokacin da nake karatun aikin lafiya, na bi hanyoyin nan da ƙafata, na kuma ga irin samarin da ake saukowa da su bisa alfadari, kai a sunkuye.

Ka fara da lissafi. Yamai tana kan mita 200 da ɗan ɗori bisa teku, Tawa ba ta kai 400 ba. Wuri mafi tsayi a duk Nijar, Idoukal-n-Taghès da ke tsaunin Bagzan a Ayar, mita 2,022 ne. To, tabkin da ka gani a hoto yana wajen mita 2,300, wato bakin ruwan kansa ya fi ƙololuwar ƙasarmu tsayi. Gidan kwanan da ke gindin Toubkal yana mita 3,207, kan dutsen kuma 4,167, babu wanda ya kai shi a duk arewacin Afirka. A can sama iska ta yi shara-shara, duk numfashin da ka ja abin da yake kawo wa jininka wajen kashi 60 ne cikin 100 na wanda ka saba samu a gida. Jiki na iya sabawa, amma da kwanaki yake sabawa, ba da ƙarfin hali ba. Ƙarfi ma ba ya shiga maganar. Ɗan kokawa na iya kwantawa, tsohuwa mai tafiya da sanda ta wuce shi, kuma sau da yawa mai ƙarfin ne ke fara faɗuwa saboda shi ke da ƙafar yin sauri.

Ciwon tsauni yakan fara nuna kansa daga mita 2,500 zuwa sama, yawanci awa shida zuwa goma sha biyu bayan ka isa, shi ya sa da dare yake kama mutum a shimfiɗa. Ciwon kai, tashin zuciya, abinci ya fita ranka, jiri, barci ya ƙi zuwa. In iyakarsa ke nan, dokar guda ce: kada ka ƙara hawa har sai ya sake ka. Ka sha ruwa, ka sha farasitamol, ka huta a inda kake. Amma in mutum ya fara tangaɗi, ya kasa tafiya a miƙe yana ɗora diddige gaban yatsu, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali zaune yake, ko tari ya zo da majina mai kumfa, to ruwa ne ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko a huhu. Wannan ba ya jiran safiya. A sauko da shi a daren, ko da mita 500 zuwa 1,000 ne, sau da yawa saukar kaɗai ke dawo da shi hayyacinsa. Likitocin tsauni suna ba da shawarar cewa in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Ka riƙe wannan adadi, domin da shi za ka auna abin da za a tallata maka a Marrakesh.

Abin da za a tallata maka shi ne “Toubkal cikin kwana biyu”. Mota ta ɗauke ka da safe daga birnin, wanda bai kai mita 500 ba, ta ajiye ka ƙauyen Imlil inda tafiyar ƙafa ke farawa, ka yi tafiyar awa biyar ko shida, ka kwana a 3,207. Hawan fiye da mita 2,700 ke nan tsakanin asuba da magariba. Mutane da yawa suna yi suna kuma dawowa lafiya, ba zan ɓoye maka ba, amma da yawansu ba abin da suke tunawa sai ciwon kai da amai. Ga wanda bai taɓa gwada jikinsa a tsauni ba, caca ce. Ƙari a kan haka, tabkin da ya ja hankalinka ba ya cikin wannan tsari sam, yana bayan dutsen ta gefen kudu.

Kafin in zo kan hanya, akwai maganar da littattafan yawon buɗe ido na Turawa ba sa damuwa da ita, mu kuwa ita ce tamu: sikila. Kafin ka sayi tikiti ka je a yi maka gwajin jini, wanda a takardar likita ake rubutawa électrophorèse de l'hémoglobine. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo, kuma manyan ɗakunan gwaji suna yi. Wanda gwajin ya nuna SS ne ko SC, wato mai ciwon sikila, shawarata ita ce ya bar tsaunin nan, ya nemi yawo a bakin teku, Essaouira ko Agadir. Wanda yake AS, wato mai ɗauke da gadon sikilar ta gefe ɗaya, kuma muna da su da yawa waɗanda ba su ma sani ba domin ba su taɓa jin kome ba, shi ma ba a ce masa kome lafiya ba: ƙarancin iska da ƙishirwa da wahala in sun haɗu, jini na iya toshewa a saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗar hagu. Mai AS ya zauna da likita tukuna, in an bar shi ya tafi ya riƙa shan ruwa sosai, ya faɗa wa jagoransa, kuma ranar da ya ji wannan ciwo ya sauka ya nufi asibiti, kada ya ce ciwon ciki ne kawai.

Haka zazzaɓin cizon sauro. Lokacin da hanyar ke buɗe a can ya yi daidai da daminarmu, kana iya ɗaukar ciwon a Yamai ya tashi maka kana tsakiyar duwatsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tun 2010 cewa Maroko ta rabu da shi, saboda haka ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ba lallai ba ne shi ya fara zo masa a rai. Kai ne za ka ce daga Nijar ka fito, a gwada ka. Zafin jiki mai ƙarfi da rawar ɗari ba halin ciwon tsauni ba ne. Ka sa likitanka ya rubuta maka maganin da za ka riƙe a jaka, kuma in ka tashi daga jinyar zazzaɓi kwanan nan, jini bai gama dawowa ba, ka ɗage tafiyar. Akwai ƙwayar da ake sha don rage ciwon tsauni, acétazolamide, amma ba ta kowa ba ce, musamman mai matsalar ƙoda ko mai sikila, sai da sa hannun likita.

Yanzu hanya. Wadda nake ba mutanenmu shawara ita ce ta zagaye, wadda ke ajiye Toubkal a ƙarshe bayan jiki ya saba. Daga Marrakesh zuwa Imlil kilomita sittin da wani abu ne, ta Asni, cikin manyan taksin haɗaka da ba sa tashi sai sun cika. Imlil tana wajen mita 1,800, ƙauye ne cikin kwari mai itatuwan tuffa da ruwa mai gudu. Ka kwana biyu a can, yinin tsakiya ka hau wani tudu na kusa ka dawo. Daga nan rana ta farko za ku bi ta Tizi n'Tamatert zuwa Tacheddirt, wajen mita 2,300. Duk sunan da ka ji ya fara da tizi, mashigi ne tsakanin duwatsu biyu inda ake ƙetarawa. Rana ta biyu ita ce gwaji na farko, Tizi Likemt, sama da mita 3,500, hawa ne mai tsawo cikin tsakuwa, amma ba a can za ka kwana ba, za ka gangara nesa zuwa Azib Likemt, mashekarin makiyaya. Wannan hawa sama a kwana ƙasa shi ne ke horar da jini. Rana ta uku wani mashigin, Tizi n'Ourai, sannan doguwar gangara zuwa ƙauyen Amsouzert, inda za ka sake ganin katifa da ruwan wanka.

Rana ta huɗu ita ce taka, kuma gajera ce. Za ku taso daga Amsouzert cikin inuwa, ruwa na gudu a ƴan magudanai gefen hanya, gonaki ƙanana hawa-hawa a jikin dutse, mata na wucewa da damin ciyawa a baya wanda ya fi su girma. Bayan ƙauyukan ƙarshe itatuwa su ƙare ƙaf. Sai wani tarin baƙaƙen duwatsu ya tare kwarin gaba ɗaya, hanya ta yi ta lanƙwasa a jikinsa, rana na dukan ƙeya, ba ka ganin ko alamar ruwa. Wannan tarin shi ne madatsar da Allah ya yi wa tabkin. Kana kai bakinsa sai ka gan shi a ƙarƙashinka, kore shar, duwatsu tsirara sun kewaye shi sun gangaro har cikin ruwan. Kada ka sa ran irin tabkin Tabalak da masunta da shanu da lambuna a gefe. Nan ba itace, ba laka, ba ka ma ganin inda ruwan ke fita, ta ƙarƙashin duwatsun yake tsiyaya ya ɓullo a ƙasa ya shayar da ƙauyukan kwarin Tifnoute. Yawansa na canzawa da shekara, in an yi fari za ka ga zoben fari a jikin dutse inda ya taɓa kaiwa. Hanya na bin gefen arewa daga sama har zuwa ɗaya ƙarshen, inda akwai fili mai tsakuwa da ƴan bukkokin dutse da ake sayar da shayi a lokacin baƙi. Ka wanke fuska, ka tsoma ƙafa, amma kada ka yi iyo ko da ka iya kogin Kwara. Ruwan ƙanƙara ne, yana da zurfi daga baki, kuma sanyinsa na ɗaure gaɓɓai cikin ƴan mintoci.

Rana ta biyar ita ce mafi wuya a duk tafiyar, ta fi ranar hawan Toubkal ɗin. Daga tabki zuwa Tizi n'Ouanoums hawan fiye da mita 1,300 ne cikin wani matsattsen kwazazzabo, mashigin yana sama da 3,600, sannan ka gangara zuwa gidan kwana na 3,207. Wannan kwanan ya ɗara na bakin tabki da wajen mita 900, fiye da 500 ɗin da likitoci suka ce, saboda haka ka lura da jikinka a daren. Ana tashi tun kafin gari ya waye. Tafiyar da ake so irin ta ayarin gishirin Bilma ce, taku ɗaya da ba ya sauri ba ya tsayawa. Ma'aunin shi ne, in ba ka iya magana kana tafiya, ka yi sauri. Rana ta shida, in jiki ya yarda, ku hau kan dutsen, awa uku zuwa huɗu a hawa, inda za ka tarar da wani ƙarfe mai siffar dala da aka kafa, sannan ku sauko har Imlil. A hanyar saukar za ku ratsa Sidi Chamharouch, wurin wani babban dutse da aka shafe da farar ƙasa, wanda mutanen yankin ke dangantawa da Shamharush, sarkin aljanu, suna kai masa ziyara da yanka. Ni dai lemun da ake matsewa a shagunan wurin, ana sanyaya shi da ruwan ƙorama, shi ke tsayar da ni.

Sai maganar kwana, inda zan rage maka buri kaɗan: ba kowane dare za ka sami gidan baƙi ba. A Marrakesh akwai su birjik cikin tsohon gari, a allo za ka ga an rubuta auberge ko hostel, yawanci tsofaffin gidaje ne masu tsakar gida da soro. Gado kake haya, ba ɗaki ba. Ɗaki guda na iya ɗaukar mutum shida ko takwas a gadaje masu hawa biyu, banɗaki na kowa, wani lokaci da madafa. Ka tafi da kwaɗonka domin akwatin ajiya, fasfo da kuɗi kuma su kwana a jikinka. Ka sani cewa ɗakuna da yawa maza da mata ake haɗawa, in ba ka so ka duba tun wurin kama gado, domin wasu gidajen suna ware na mata kaɗai, wasu kuma suna da ƙaramin ɗaki na mutum ɗaya ko biyu. Za ka iya tarar da masu shan giya a soro, ba ruwanka da su, su ma ba ruwansu da sallarka. In ka shimfiɗa darduma a lungu ba wanda zai ce maka kanzil, masallaci ma ba ya nisa a ko'ina cikin garin, kuma karatun Warshu za ka ji, irin wanda muka taso da shi a makarantar allo.

Babban amfanin irin gidan nan ga mai ƙaramin aljihu ba arhar gadon ba ce kawai. A can ake samun abokan tafiya. Kuɗin jagora da na alfadari a kan yini ake biya, in ku huɗu ne kun raba. Ka zauna wurin karin kumallo ka tambaya wa ke shirin hawa, Faransancinka zai yi maka aiki, amma ka zaɓi waɗanda suka yarda da tafiyar kwana shida, kada ka bi masu kwana biyu don kunya.

A Imlil da Tacheddirt da Amsouzert abin da ake samu shi ne gîte, gidan iyali ne da suka ware wa baƙi ɗakuna. Katifu a ƙasa ko a kan dakali, barguna masu nauyi, abincin dare tajin ko kuskus da miya, da safe burodi da man zaitun da shayi. Ka tambayi kuɗin demi-pension, wato kwana da abincin dare da na safe a haɗe, ya fi sauƙi, kuma a ƙauyukan sama ba wani wurin cin abincin ban da nan. Ruwan zafi na wanka sau da yawa kuɗinsa daban. Masu gidan Tashelhit suke yi a tsakaninsu, ƴan uwan Tamashek ɗin da kake ji a kasuwar Tawa, amma sallama da ɗan Larabci da Faransanci sun isa. Ka tuna kuma girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 a wannan yanki na Al Haouz ta auku, ta kashe mutum kusan 3,000. Kusan kowane gida yana da labarinsa. Kada ka matsa da tambaya, kuma kada ka yi cinikin da za ka yi da ɗan tireda a kan kwanon abincin da matar gida ta dafa.

Darare biyu, na Azib Likemt da na bakin tabki, tanti ne ko bukkar makiyaya. Jagora ne ke tanadar tantin, alfadari ya ɗauka. In ka ƙi kwanan waje ƙememe, kana iya kwana biyu a Amsouzert, ka je tabkin ka dawo a yini guda, amma sai ranar ƙetare Ouanoums ta yi tsawon da ba na so maka.

Wurin kwana na gindin Toubkal kuwa wani abu ne daban. Gidaje biyu ne na dutse kusa da juna, ɗaya na ƙungiyar masu hawan tsauni ta Faransa reshen Kasablanka, ɗayan ana kiransa Les Mouflons. Ana kama wuri tun kafin a zo, musamman Yuli da Agusta. A bakin ƙofa kowa ke cire takalmi ya jera a kanta, warin safa ya haɗu da na miya. Ɗakin kwana katifu ne jere a kan katako, sama da ƙasa, kafaɗarka na taɓa ta wanda ba ka san sunansa ba. Wannan na minshari, wancan na juyi saboda ciwon kai, wani na buɗe leda a cikin duhu. Wajen ƙarfe huɗu na asuba sai fitilun goshi su fara yawo a bango, zif na ƙara ta ko'ina. Ka shirya jakarka tun da dare, ka toshe kunne da auduga, ka sa waya da batir cikin bargo domin sanyi na zuƙe caji. Ruwan famfon wurin yana yanka hannu, in za ka yi alwala ka roƙi masu dafa abinci ɗan ruwan ɗumi a gora, ba sa hanawa. Hukuncin kasaru da taimama da shafa a kan huffi ka tambayi malaminka tun a gida.

Jagora ba zaɓi ba ne. Tun bayan kashe wasu ƴan mata biyu, ƴar Danmak da ƴar Nowe, kusa da Imlil a Disamban 2018, hukuma ta wajabta shi a hanyar Toubkal, kuma akwai shingayen jandarma da ake duba fasfo. A Imlil akwai ofishin jagorori, ka nemi mai katin hukuma ka kuma gani da idonka. Ku gama magana a zaune kafin a ɗaura kaya: kuɗin yini nawa, abinci na wuyan wa, wa ke biyan kwanan jagora da na mai alfadari, tanti na ciki ko babu, kuma in ciwo ya sa an juyo a tsakiya yaya za a yi da ragowar kuɗin. Ka tambaya ko alfadari zai iya ƙetare Ouanoums a lokacin, domin in ƙanƙara ba ta gama narkewa ba ba ya iyawa. Ka faɗa masa gaskiyar cewa ba ka taɓa hawa ba. Ranar da ya dubi sama ya ce a koma, ku koma. A ƙarshe ana ba shi da mai alfadarin ɗan goro, ka ware shi tun farko.

Kaya ba sa buƙatar dogon bayani. Da yake alfadari na ɗaukar mai nauyi, abin da ke bayanka ruwa ne lita biyu ko uku, rigar sanyi, rigar ruwa, abin taɓawa da magani. Takalmi ne kaɗai ba na yarda a yi masa rowa: mai tauri a ƙasa, mai kama idon sawu, da ɗan sarari gaban yatsu domin gangara. Ana dace da su a wurin masu gwanjo a Wadata ko Katako. Ka saya da wuri ka yi ta yawo da shi makonni, sabon takalmi a tsauni bororo ne tun ranar farko. Tufafi hawa uku: ta ciki irin rigar ƴan ƙwallo mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska. Auduga na riƙe gumi, da ka tsaya sai ta koma sanyi a jikinka, ka bar ta sai wurin kwana. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, saboda haka ko a Agusta asubar sama na iya kusantar daskarewa. Hular sanyi, safar hannu, tabarau mai duhu, da rawani, wanda ya fi duk wani ƙyallen wuya da za a sayar maka. Ranar can na ƙona har baƙar fata, leɓe kuma na tsagewa, man kaɗanya ya isa ga leɓen. Bargon da ake shiga ciki mai zif da sandunan dogarawa ana hayarsu a Imlil, kada ka saya. Ruwan ƙorama kada kyansa ya ruɗe ka, awaki na sama da kai, ka jefa masa ƙwayar tsabtace ruwa, Aquatabs. Dabino da gyaɗa da busasshen ɓaure ka saya a Marrakesh.

Horo kuwa, wata biyu kafin tafiya ka fara. Yamai shimfiɗaɗɗiya ce, amma akwai tuddan Trois Sœurs a Harobanda, ku je da rana ku da yawa, akwai kuma matakala a duk inda ka samu bene. Ka sa jaka mai nauyi ka hau ka sauka, ka fi ba saukar muhimmanci, domin ranar ƙarshe gangarar fiye da mita 2,300 ce daga kan dutse zuwa Imlil, kuma gwiwa ce ke biya. Horon zai gyara ƙafa da huhu, amma ba ya hana ciwon tsauni.

Lokacin tafiya daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba ne. Daga Nuwamba zuwa Mayu ƙanƙara ke rufe mashigan, sai da ƙarafan takalmi da gatarin ƙanƙara da sanin aiki da su, wannan ba naka ba ne yanzu. A Agusta hadari kan taso da yamma, kwari busasshe ya cika da ruwa cikin ɗan lokaci, kamar yadda ambaliyar Agustan 1995 ta yi ɓarna a kwarin Ourika da kewaye. Kai ɗan Adar ne, ka san halin ƙorama, kada a kafa tanti a cikinta. Ni Satumba na fi so, zafi ya sauka, baƙi sun ragu. Kada ka haɗa tafiyar da azumi.

An daɗe ɗan Nijar na shiga Maroko ba tare da biza ba, amma ƙa'idoji na canzawa, wani lokaci a nemi izinin da ake cikewa ta intanet, saboda haka ka tambayi ofishin jakadancinsu a Yamai kafin ka biya kuɗin jirgi. Ka buga tikitin dawowa da takardar gadon da ka kama a Marrakesh, ka riƙe su a hannu. Saurayi baƙar fata da jaka a baya ana iya yi masa tambayoyin da ba a yi wa Bature, a filin jirgi ko a shingen hanya, ana zaton mai neman ƙetarawa Turai ne. Abin na da ciwo, amma takardu cikakku da amsa a natse suna gajarta shi. Sefa ba ta canzuwa cikin sauƙi a can, ka tafi da yuro, dirhami ɗaya wajen sefa 60 ne. Ka canza ko ka ciro duk abin da za ka kashe tun a Marrakesh, da ƙananan takardu, domin a duwatsu kuɗi hannu ake sani. Inshorar tafiya kuma ka karanta ta, wasu ba sa biyan abin da ya faru sama da wani tsayi, ka tabbata taka ta kai mita 4,200.

Kwana gomanka ga yadda suke ƙarewa: ɗaya daga Yamai zuwa Kasablanka a jirgin sama sannan jirgin ƙasa na wajen awa uku zuwa Marrakesh, ɗaya zuwa Imlil, ɗaya na sabawa, shida na zagaye, ɗaya na komawa filin jirgi. Sun cika cif, babu rarar ko yini guda ga hadari ko ciwon ciki ko jirgin da ya makara. In maigidanka zai ƙara maka kwana biyu, ka roƙa. In ba zai ƙara ba, abin da za ka yanke shi ne kan Toubkal, ba ranar hutun Imlil ba: ka kwana a gidan 3,207, da safe ka gangara kai tsaye ta Sidi Chamharouch, kafin la'asar kana Imlil, ka sami taksin Marrakesh a ranar, ka kwana kusa da tashar jirgin ƙasa.